Yadda Ake Rubuta Labarin "Da A Ce" Ba Tare Da An Ci Amanar Tarihi Ba

Marubucin da ke son ƙaga labari a kan yadda al'amura za su kasance da a ce wani abu a tarihi ya juya ta wata fuska, yana buƙatar sanin tarihin gaskiya fiye da yadda ake zato, domin duk abin da zai ƙaga a kan wannan tarihin zai ɗora shi.

Abu na farko shi ne ka zaɓi mararraba guda ɗaya tak, ka bar duk abin da ya gabace ta yadda yake. Ga Bahaushen Legas, layin dogo misali ne mai kyau. Layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya isa Jebba a 1909, jirgin ƙasa kuma ya shiga Kano a 1911. Kana iya cewa a labarinka jirgi bai taɓa isa Kano ba, amma ka tuna cewa layin da ya fara shiga Kano daga Baro ya taso, a bakin kogin Kwara, don haka idan ka tsayar da na Legas kaɗai ba ka yi komai ba.

Daga nan sai ka bi sawun abin da zai biyo baya, kuma a nan ne aikin yake. Cinikin gyaɗa da ya bunƙasa a Kano daga 1912 ya dogara ne ga jirgi, saboda haka babu dalar gyaɗa a labarinka sai ka kawo wata hanyar kai buhuna bakin teku. Fatake za su daɗe suna kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, zangon Agege na Legas kuwa, wanda tasha da gonakin goro suka raya, ba lallai ne ya cika da dillalai suna ɗaure huhu da ganye kamar yadda aka san shi ba. Amma kada ka share Hausawa daga Legas, domin tun a 1863 jami'in Ingila John Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a garin. Haka nan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903 da rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yulin shekarar sun riga mararrabarka, ba ka da ikon taɓa su.

Ƙananan abubuwa su ne suka fi tona asirin marubuci. Kada wani ya biya kuɗin goro da naira kafin 1973. Gidajen adana takardun tarihi na Ibadan da Kaduna za su taimaka, hira da dattawan Agege da Idi-Araba kuma za ta ba ka abin da takarda ba ta riƙe ba. A ganina ya fi kyau jaruminka ya zama mutumin da ka ƙaga, mai awo ko ɗan kamasho, maimakon sarki ko malamin da zuriyarsa ke raye.

Sannan ka rubuta a farkon labarin shekarar da ka kauce wa tarihi da abin da ka sauya, domin labari idan ya shiga WhatsApp ba ya jimawa ake yanke kansa, a ci gaba da tura shi a matsayin abin da ya auku.