Kurakuran da aka fi yi wajen gane tankokin yaƙi a bidiyon Sudan

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, bidiyon tankoki bai yanke ba a wayoyin Hausawan Maiurno, Gadarif da Kasala. Abin da ke damuna shi ne yadda ake laƙa wa kowace tanka sunan da aka ga dama, a tura wa 'yan'uwa har Kano, hankali ya tashi a banza.

Babban kuskure shi ne a dubi igwa da kan tanka a yanke hukunci. Sama ana yi mata kwaskwarima: a canja igwa, a manna mata sulke. Ƙasa kuwa da wuya a taɓa ta. Don haka tsayar da bidiyon ka ƙirga ƙafafun ƙarfen da ke taka sarƙa, ban da na can gaba da na can baya da ke ɗage. Idan biyar ne, da rata tsakanin ta farko da ta biyu, dangin T-54 da T-55 ne. Idan ratar ta koma baya, tsakanin ta uku, ta huɗu da ta biyar, T-62 ce.

A masu ƙafa shida aka fi yin tuntuɓe. Duk wadda aka gani sai a ce T-72, alhali sojojin Sudan suna da Al-Bashir, wato Type 85 ƙirar Sin. Dukkansu faɗin bakin igwarsu milimita 125 ne, saboda haka igwa ba za ta raba gardama ba. Kan T-72 a zagaye yake, kamar an kife akushi, direba kuma a tsakiya yake zama. Kan Al-Bashir farantan ƙarfe ne aka yi wa walda, duk kusurwoyi, direbanta a hagu. Ita ma BMP ƙafa shida gare ta, amma motar ɗaukar sojoji ce: ƙaramin kai, ƙaramar bindiga, ƙofofi biyu a baya.

Ana kuma haɗa T-55 da Type 59. Duba rufin kai, gefen dama ta gaba. Ɗan ƙullutun shan iska yana kan T-54 da Type 59 da Sin ta kwaikwaya daga gare ta, T-55 ba ta da shi. Raba T-54 da Type 59 a bidiyo mai dishi-dishi kuwa, ko masana suna shan wuya. Ka ce dangin T-54 ya wadatar. Kumburin da ke jikin bututun igwa ma yana taimakawa: idan yana dab da baki, igwar milimita 100 ce ta asali; idan yana wajen tsakiya kuma gangar jikin ta dangin T-54 ce, an sa mata mai milimita 105, irin ta Al-Zubair, wata tankar sojojin Sudan.

Ko ka gane ƙirar, ba ka gane wurin ba tukuna. T-55 da T-72 sun yi yaƙi a Siriya, Libiya da Yaman, tsofaffin bidiyonsu kuma suna yawo. Kafin ka tura, nemi allon kanti, lambar mota ko lafazin masu magana.