Yadda Ake Haɗa Nau'in Yis Biyu a Tanki Ɗaya Ba Tare da Ɗaya Ya Danne Ɗaya Ba

Totuwa da karan masara, waɗanda ake ƙonawa a gonakin Kaduna bayan girbi, suna ɗauke da sukari iri biyu, gulukos da zailos. Yis ɗin burodi, wato Saccharomyces cerevisiae, yana cin gulukos sarai, amma ba ya iya sarrafa zailos sai an yi masa gyara, shi ya sa masana kan raba aikin tsakanin nau'i biyu a tanki ɗaya, ɗaya ya ci gulukos, ɗayan da aka gyara ya ci zailos. Matsalar ita ce yis yakan ninka yawansa cikin kimanin minti 90 idan abinci ya wadata, don haka wanda ya ɗara ɗan'uwansa sauri ko da kaɗan ne zai mamaye tankin. Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a sa girman kowanne ya dogara da saƙon ɗayan.

Da farko a zaɓi nau'i biyu masu jinsin barbara ɗaya, domin kada su haɗu su zama wani abu dabam. Yis yana da hanyar saƙo tasa ta asali: ɗan guntun furotin mai suna alfa-fakta, mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 13, yana manne wa mai karɓar saƙo Ste2 a jikin ƙwayar da ake kira, sai ta dakatar da girma ta shirya barbara. Mu kuwa girma muke so, saboda haka a cire ƙwayar gadon FAR1 mai tsayar da rabuwa, a cire BAR1 mai narkar da saƙon.

Sannan a ba kowane nau'i nasa saƙon da nasa kunnen. A 2018 ɗakin binciken Virginia Cornish a Jami'ar Kolombiya ta Amurka ya nuna cewa za a iya aro irin waɗannan saƙonni da masu karɓarsu daga wasu fungi, wato dangin yis, a zaɓi waɗanda ba sa shiga layin juna. Nau'i na farko zai fitar da saƙon da na biyu kaɗai yake ji, na biyu kuma ya mayar da nasa. A kowanne, a ɗora wata ƙwayar gado da ba ya rayuwa sai da ita a ƙarƙashin makunnin da saƙo ke tayarwa, irin na ƙwayar gadon FUS1. Idan ɗaya ya yi yawa, saƙon da yake samu daga ɗan'uwansa ba zai ishe shi ba, sai ya lafa har ɗayan ya kamo shi.

A sa wa ɗaya furotin mai haske kore, ɗayan ja, a riƙa ɗibar samfur ana ƙirga su. Wannan ƙirge bai kamata a yi masa sakaci ba, domin sauyi guda ɗaya a ƙwayar gado kan iya sa ƙwaya ta daina jiran saƙo, kuma zuriyarta ce za ta cinye tankin. A zuba iri mai yawa tun farko, domin saƙo yakan tsinke a babban tanki, a kuma riƙe zafi kusa da digiri 30, abin da ke buƙatar sanyaya da tsayayyar wutar lantarki a zafin Maris da Afrilu.

Ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Jihar Kaduna da ke son gwada wannan ya fara da kwamitin kiyaye lafiyar halittu na makarantarsa, domin aikin gyaran ƙwayoyin gado a Nijeriya yana ƙarƙashin hukumar NBMA mai kula da kiyaye lafiyar halittu ta ƙasa, da aka kafa a 2015, kuma sai an kashe yis ɗin da tururi mai zafi kafin a zubar da ruwan tankin.