Mai laushi za ka saya, ba mai tauri ba

Ina da ƙaramin kemis a Agege, cikin Legas, kuma mafi yawan mazan da ke shigowa sayen buroshin haƙori magana ɗaya ce a bakinsu: "Malam, ba ni mai tauri, wanda zai kankare goro." Ni kuwa mai laushi nake miƙa musu, ko da za mu ɗan ja da juna.

Abin da ake so buroshi ya cire wani farin datti ne da ke taruwa a gindin haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Sa farce ka kankara da safe, za ka gan shi. Cike yake da ƙwayoyin cuta, amma laushi gare shi, ba ya buƙatar ƙarfi kafin ya fita. Mai tauri, idan ana dirza da shi kullum, dasashi yake turawa baya har saiwar haƙori ta fito fili, wuyan haƙorin ya zaizaye. Shi ne za ka ga mutum ya kurɓi ruwan leda mai sanyi ya dafe kumatu. Kuma dasashin da ya janye ba ya dawowa da kansa, abin da ya fi damuna ke nan. Jan goro da baƙin shayi da suka riga suka kama, da dattin da ya daskare, babu buroshin da zai fitar da su, sai likitan haƙori ya wanke da na'ura. Asibitin LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk suna da sashen haƙori.

To, in ka zo saye, duba kwalin. Za ka ga an rubuta Soft, Medium ko Hard, ɗauki Soft, wato mai laushi. Sai ka dubi kan buroshin: ƙarami ya fi, domin shi ke shiga lungu ya kai ga turamen haƙora na can ƙarshe, inda ruɓewa ta fi yawa. Mariƙin ya zauna daidai a hannunka. Tsada ba ita ce inganci ba, amma ka tabbata kwalin a rufe yake, musamman in a cunkoson motoci ka saya ta taga. Na lantarki yana taimakon tsofaffi masu ciwon hannu, sai dai ba dole ba ne.

Hajiya, yaro nasa daban, mai ɗan ƙaramin kai, kuma ana farawa da zarar haƙorin farko ya fito. Ƙasa da shekara 3, man goge baki gwargwadon ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama, kina tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Man ya zama mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki.

Wajen gogewa, karkata gashin buroshin zuwa dasashi, ka riƙa juyawa a hankali, ciki da waje da saman turame, minti 2, sau 2 a rana. Na kwanciya barci shi ne bai kamata ya wuce ka ba. Ka tofar da kumfa, kada ka bi da kurkura nan take. Idan ka ga jini kada ka daina, yawanci dattin ne ya kumbura dasashin. In ya wuce mako 2 bai tsaya ba, je asibiti.

Canza buroshi duk wata 3 zuwa 4, ko da zarar gashinsa ya baje. Legas gari ne mai laima, saboda haka ka ɗauraye shi, ka tsayar da kansa sama ya sha iska, kada ka cusa shi a leda yana jiƙe. A gidan haya mai banɗaki ɗaya, ɗaki za ka koma da abinka. Ba a aron buroshi ko tsakanin mata da miji, don ciwon hanta nau'in B na iya bin jinin da ya maƙale a jikin buroshin.

Asuwaki sunna ne, ni ma ina yi kafin sallah. Ka tauna bakinsa sosai har ya yi laushi kafin ya taɓa dasashi, ka riƙa yanke wanda ya tsufa. Amma da wuya ya kai bayan turame, don haka da dare a bi da buroshi da mai.