Kurakuran da masu ciwon sukari ke maimaitawa da insulin da ƙwayoyi

Da yawa daga cikin masu ciwon sukarin da ake kawowa asibiti a sume a nan Jos suna da maganinsu a gida. Yadda suke amfani da shi ne matsalar, kuma kurakuran ba sa canzawa.

Da farko mutum ya san wane iri ke gare shi. Nau'i na 1 ya fi kama yara da matasa, jikinsu ya daina samar da insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, gaba ɗaya, don haka allura ce maganinsu har iya rayuwa. Nau'i na 2, wanda ya fi yawa, jiki na samar da insulin amma ba ya isa ko ba ya aiki yadda ya kamata. Ana farawa da ƙwayoyi kamar metformin, wani lokaci a ƙara glibenclamide ko glimepiride, in tafiya ta yi nisa a haɗa da allura. Akwai kuma na masu juna biyu, wanda yakan tafi bayan haihuwa, amma mai shi ta ci gaba da gwaji.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne na sirinji. Insulin na zuwa da ƙarfi daban-daban, biyu daga ciki su ne: U-40, wato yunit 40 a kowace mililita, da U-100, yunit 100 a mililita. Kowanne da sirinjinsa. Idan likita ya rubuta yunit 20, aka sayi kwalbar U-100 amma aka zuƙa da sirinjin U-40 zuwa lamba 20, abin da ya shiga jiki yunit 50 ne, ninki biyu da rabi. Wannan na iya kashe mutum a cikin barcinsa. In aka juya, kwalbar U-40 da sirinjin U-100, yunit 8 kacal aka yi, sukari ya ƙi sauka, a ce maganin jabu ne. Haba jama'a! An aiki yaro kemis ya kawo "allurar sukari", ba wanda ya duba. Lambar na rubuce a jikin kwalba da jikin sirinji. A ɗora su kusa da juna a karanta kafin a biya kuɗi, kowane sayi, ko da shago ɗaya ake zuwa shekara goma.

Kuskure na biyu shi ne daina magani. Mai nau'i na 2 ya ga na'urar gwajin sukari ta nuna 100, sai ya ce ya warke, ya koma kan ruwan shuwaka da zogale. Alhali maganin likita ne ya saukar da sukarin. Abin ya fi muni ga yaro mai nau'i na 1: zazzaɓi ya kama shi, ba ya cin abinci, sai iyaye su ce to a dakatar da allura. Rashin lafiya ƙara sukari yake yi. Ba insulin, jiki ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi da sauri, cikin kwana ɗaya ko biyu yaro ya fita hayyacinsa. A ranakun rashin lafiya a gwada sukari duk awa uku zuwa huɗu, a ba shi ruwa sosai, a tuntuɓi likita kan adadin, amma ba a daina allurar. In amai ya ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye.

Wanda ya sha glibenclamide ko ya yi Mixtard (wani nau'in allurar insulin) bai ci abinci ba, sukarinsa zai faɗi. Rawar jiki, gumi, yunwa, ruɗewa, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70 (wasu na'urorin 3.9 suke nunawa): a sha rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma, a sake gwadawa bayan minti 15, sannan a ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. Mai niyyar azumi ya ga likita tun a Sha'aban.

Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firij, ba firiza ba. Masu kai shi wurin mai sayar da ƙanƙara in an ɗauke wuta su sani, da ya daskare ya lalace. Wanda aka buɗe yana kai mako huɗu a wuri mai sanyi. Sanyin Jos na taimaka mana, amma a watan Maris ni na fi yarda a saka kwalbar a robar da ba ta shan ruwa a ajiye cikin randa.

Mixtard a murza shi tsakanin tafuka har ya zama fari ɗaya, a yi shi minti 30 kafin abinci. Kada a nace wa yin allura a wuri ɗaya a fatar ciki ko cinya, fata takan yi dunƙule ta daina shan magani daidai. Metformin a sha shi da abinci, zai rage tashin zuciya da gudawa, kuma a duba ƙoda duk shekara.

Sai acca. Mutanen Filato sun riƙe ta kamar magani, har a cika kwano da tuwonta ana cewa ba ta da sukari. Hatsi ce, tana ɗaga sukari. A ci daidai dunƙulen hannu, ganye ya fi yawa a kwanon, sannan a gwada bayan awa biyu: abin da ake nema ƙasa da 180.