Yadda ake haɗa wasan dandali don jinyar dabbobi

Shekara 3 ke nan muna yin wannan wasa a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel. Abin da ya taru da shi muke ɗauko malamin dabbobi ya yi wa awaki da tumaki allurar rigakafi, ya wanke wa jakuna gyambon baya. In kana son yi a garinku, ga yadda muke bi.

Kafin ka tara samari, je ka faɗi gaban dagaci: "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu." Daga nan sai liman. In suka sa albarka, sai ka nemi malamin dabbobi ya yi maka lissafin magani da man babur ɗinsa, don ka san nawa kake nema.

A yi shi bayan kaka, sa'ad da kuɗin riɗi da gyaɗa ke aljihu. Kada ka sa Alhamis, ranar rabin gari na kasuwar Maigatari. Mu Juma'a muke yi bayan la'asar: ba kuɗin janareta, mata ma suna samun fitowa.

Labarin ya zama gajere, na ban dariya. Namu na bana, jaki ne ya kai ubangidansa ƙara gaban alƙali, wai an ɗora masa mangala ba akumari, an hana shi dusa. Sai dai don Allah kada ka kawo jakin gaske. Mun yi wannan wautar a shekarar farko. Ana buga ganga ya tsinke igiya, ya bi ta kan tiren mai gyaɗa, muka kwana biyan diyya. Yanzu yara biyu muke lulluɓewa da tsohon bargo, a yi kunnuwa da kwali, a ɗaura tsintsiya a matsayin wutsiya. Yaron da ke baya shi ke shan wahala, a riƙa canja shi.

Amma gaskiya ba wasan ke buɗe aljihu ba, waƙa ce. Nemi mai gurmi ko kuntigi wanda yake tsara waƙarsa da kansa, ba mai maimaita ta rediyo ba. Ka ba shi mako 2, ka zauna da shi ka zuba masa labari: akuyar da ta aurar da marainiya, jakin da ke kai taki gona tun kafin asuba. Amshin ya zama kalma huɗu ko biyar, yadda yara za su ɗauka nan take. Mawaƙinmu ya sa baiti a kan bushiya, cutar shanun da allura ta kawar har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011. Da ya zo wurin, dattawan da suka ga ɓarnarta da idonsu suka yi tsit, wani har ya cire hula ya zuba kuɗi a ciki ya miƙa.

Ku gama maganar liƙi tun kafin ranar. Mawaƙi ya saba abin da aka manna masa a goshi nasa ne. Mu sallamarsa muke yankewa tun farko, duk abin da ya faɗi a tabarma kuma na dabbobi ne. Ƙwarya biyu ke zagayawa, ɗaya a hannun wata dattijuwa a ɓangaren mata, kuma tata ta fi cika, don yawancin awakin gari nasu ne.

A ƙirga kuɗin a gaban jama'a kafin magariba, mai shela ya faɗi adadin da ranar allura. Ranar kuwa kowa ya kawo dabbarsa ƙofar dagaci da sassafe. Maganin a cikin ƙanƙara yake zuwa, kuma kwalbar da aka haɗa ba ta jiran wanda ya makara, don haka mai akuya a bayan gari, a tura yaro ya taso shi tun da asuba.