Yadda na daina ɓacewa a cikin baitocin Paradise Lost

Sati uku na yi ina fama da Littafi na 1 na Paradise Lost, doguwar waƙar Turanci ta John Milton, wadda ta fara fita a 1667. Kalmomin na san yawancinsu, amma in na kai ƙarshen shafi sai in rasa wa ya yi me. Na gwada ƙamus, na gwada taƙaitawar intanet. Labarin na samu, sai dai malaminmu layi yake nunawa ya ce a fayyace, nan kuwa sai in yi tsuru-tsuru.

Ashe laifin tsayawata ne. Na saba da waƙarmu mai amsa-amo, inda ƙarshen layi wurin hutawa ne. Waƙar Milton ba ta da amsa-amo, jimla kan tsallaka layi bayan layi.

Sai na ɗauki layuka 16 na farko na kwafe su a takarda kamar zube, ban yanke ba sai inda aya ta zo. Na nemi babban aikatau na ja masa layi da jan biro. Bai fito ba sai a layi na 6: “Sing”, wato “rera”. Duk abin da ya gabace shi, rashin biyayyar mutum da ’ya’yan itaciyar da aka hana, abin da ake roƙon a rera ne. Na sake jera jimlar daga aikatau, sannan na karanta asalin da ƙarfi sau biyu. Milton makaho ne lokacin, shifta ya yi aka rubuta, don haka kunne na kama abin da ido ya tsallake.

Alhamdu lillahi, yanzu layi 40 nake yi kowace safiya, na kai jawabin Shaiɗan na farko.