Babi na Uku: Sanin Sunayen Tsirkiyoyin Jita

Jitar da aka fi amfani da ita tana da tsirkiyoyi shida, kuma kowace tsirkiya tana da lamba tana da suna. Duk darussan da za su biyo baya sun dogara ne a kan wannan sani, domin malami zai ce a danna tsirkiya ta biyar ko a kaɗa tsirkiyar D, kuma wanda bai riƙe su ba zai riƙa tsayawa yana ƙirga da yatsa har sauran ɗalibai su wuce shi.

Ka zauna sosai, ka ɗora jitar a kan cinyarka, wuyanta ya nufi hagu, sannan ka sunkuyar da kai ka duba. Tsirkiyar da ta fi kusa da haɓarka ita ce mafi kauri, kuma ita ce ta shida. Wadda ta fi kusa da cinyarka ita ce mafi siranta, kuma ita ce ta ɗaya. A nan yawancin masu koyo suke fara ruɗewa, saboda mai kaurin ce ido yake fara cin karo da ita, sai mutum ya ɗauka daga kanta ake soma ƙirga. Ana fara ƙirga ne daga siririya a hauro zuwa mai kauri. Bahago ma da yake riƙe da jitar da aka yi dominsa haka zai ƙirga.

Sunayen kuwa haruffa ne. Masu rubuta kiɗa sun ba sautuka haruffa bakwai, daga A zuwa G, kuma ana kiran kowace tsirkiya da harafin sautin da take bayarwa idan an kaɗa ta a sake, ba tare da an danne ta da yatsa ba. Ta shida ita ce E, ta biyar A, ta huɗu D, ta uku G, ta biyu B, ta ɗaya kuma E. Makaɗa da yawa suna furta haruffan yadda ake yi a Turanci, inda E take fita kamar "i", G kuma kamar "ji", don haka yana da kyau a farkon koyo ka riƙa rubuta harafin kana kallonsa, kada ka dogara da kunne kaɗai. A ƙasashe irin su Sifen da Faransa da Italiya ana kiran waɗannan tsirkiyoyi mi, la, re, sol, si, mi, amma sautin bai canja ba.

Mai lura zai ga cewa tsirkiyoyi biyu suna amsa sunan E, alhali ɗaya tana da babbar murya, ɗayar kuma siririyar murya. Dalilin yana cikin yawan kaɗawar da kowace take yi. Ta shida tana kai da komo kusan sau 82 a daƙiƙa guda, ta ɗaya kuwa kusan sau 330, wato ninki huɗu ke nan. Duk lokacin da yawan kaɗawa ya ninka biyu, kunne yana jin sautin a matsayin na farko da ya dawo da siririyar murya, kamar yadda babban mutum da ƙaramin yaro za su rera waƙa ɗaya muryoyinsu su dace. Ka kaɗa su biyun tare ka saurara da kyau, za ka ji ba sa karo da juna.

Nauyin tsirkiya ne yake sa ta kaɗa a hankali ta ba da babbar murya, shi ya sa ake naɗe masu kaurin da siririyar waya domin a ƙara musu nauyi. Ka bi ta shida da farcenka, za ka ji tana da kaushi har da ɗan ƙara, sannan ka bi ta ɗaya, za ka ji ta sumul. A jita mai tsirkiyoyin nailan, waɗanda suka fara maye gurbin na hanjin dabba a shekarun 1940, uku ne masu naɗi, a jitar katako mai tsirkiyoyin ƙarfe kuwa yawanci huɗu ne.

Tun da an fara da E an ƙare da E, abin da ya rage a haddace shi ne huɗun tsakiya. Jimlar "A daina gudun bita" za ta taimaka, domin haruffan farko na kalmominta su ne A, D, G, B, a jere daga ta biyar zuwa ta biyu. A ganina jimlar tana da amfani a kwanakin farko ne kawai, saboda wanda sai ya karanto ta daga farko kafin ya gano G bai riga ya san G ba tukuna. Abin da ake nema shi ne a ambaci harafi, yatsa ya sauka a kan tsirkiyarsa nan take.

Akwai hanyar da kunne zai tabbatar maka da wannan jeri. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gitta, waɗanda suka raba shi gaɓa-gaɓa, kuma ana ƙirga gaɓoɓin daga kan jitar, wato ƙarshen wuyan inda abubuwan murɗa tsirkiyoyi suke. Idan ka danne tsirkiya ta shida a gaɓa ta biyar, za ta ba da sautin A, daidai da ta biyar a sake. Haka ta biyar take ba da D, ta huɗu take ba da G, ta biyu kuma take ba da E, duk a gaɓa ta biyar. Ta uku ce kaɗai ta fita daban, domin a gaɓa ta huɗu ake danne ta kafin ta ba da B. Wannan 'yar tazara da aka rage tana cikin abin da yake sa yatsu huɗu su iya haɗa sautuka da yawa a lokaci guda ba tare da hannu ya miƙe fiye da kima ba.

Amfanin sunayen yana fitowa fili wajen saita jita. Na'urar saita sauti, ko manhajarta ta waya, tana nuna harafin sautin da ta ji ne kawai, ba ta san tsirkiyar da ka kaɗa ba. Idan ka kaɗa ta huɗu ka ga C, kai ne za ka gane cewa ta yi sako-sako, tana bukatar ɗauri har D ta bayyana. Wanda bai san sunan ba yana iya ci gaba da murɗawa har tsirkiyar ta tsinke, musamman siraran. Kafin ka murɗa komai, ka bi tsirkiyar da yatsa har zuwa abin murɗa ta, domin ka tabbata nata ka kama.

Aikin wannan babi shi ne ka zana layuka shida a takarda, ka rubuta lamba da harafin kowanne. Bayan haka ka riƙa kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya kana faɗin lamba da suna da ƙarfi, daga ta shida zuwa ta ɗaya, sannan ka komo. Idan wannan ya zauna, ka sa wani ya riƙa kiran haruffan a barkatai kana kaɗawa, da farko kana kallo, daga baya kuma ido a rufe. Minti biyar a kowace rana sun isa, kuma kada ka shiga babi na gaba sai ka iya nuna kowace tsirkiya ba tare da ka karanto jimlar ba.